Na Je Kallon Rigunan Fata, Na Tarar da Kano

"Kada ka ɗaga ta ta kafaɗa!"

Tsawar da dattijon Baturen nan ya daka min ke nan, hannuna bai ma ƙarasa kai wa rigar ba. Ya zagayo daga bayan teburinsa da sauri, ya tallabo ta da hannu biyu, ya ce in miƙo nawa hannayen, sannan ya shimfiɗa min ita a kai. Kai, jama'a! Sai da na gyara tsayuwa. Buzu ne zalla, gashin a ciki, fatar a waje, an shafe ta da wani fenti mai ruwan makuba da duk ya tsattsage, ga ƙaton wuya mai maɗauri biyu na fata. Wari kuwa ba a magana: tsohuwar fata, man inji, da ƙurar ɗakin ajiya. Ya ce sunanta B-3, sojan saman Amurka suka fara ba da irinta a 1934, kuma buzun da ya shekara tamanin ya riga ya bushe, idan ka rataye shi nauyin kansa kaɗai ya isa ya yaga shi daga kafaɗa.

A Stoneleigh muke, kusa da Coventry a ƙasar Ingila, filin da aka fi sani da baje kolin noma da kiwo. Duk watan Janairu masu tara tsofaffin kayan soja kan cika zaurukansa. Ɗan yayata da ke karatu a Coventry ne ya ja ni, yana ta cika baki tun a mota: "Kawu, kai da ba ka wuce rumfar gwanjo, yau za ka ga gwanjon da ya fi ƙarfinka." Ya yi gaskiya kuwa. Tebur bayan tebur, hulunan kwano, gorunan ruwa, rediyon yaƙi, jakunkuna, tayoyin tsohuwar jif, tsofaffi da jikokinsu suna ta kutsawa. Ni dai ƙafata ta kafe a layin kayan matuƙa jirgin sama, ban sake motsawa ba sai da yunwa ta kore ni.

Na tambayi dattijon me ya sa mutum zai ɗauki wannan uban nauyi ya shiga jirgi. Ya dube ni sheƙeƙe. Jiragen Amurka masu jefa bama-bamai, irin su B-17, suna tashi ƙafa 25,000 a sama, ba abin ɗumama ciki, kuma a farkon Yaƙin Duniya na Biyu tagogin da masu bindiga ke tsayawa a kwiɓin jirgin a buɗe suke. Sanyin can yakan kai digiri 40 ƙasa da sifili, har ya wuce. Ka cire safar hannu ka taɓa ƙarfen bindiga, fatar yatsunka a nan za ta zauna. Numfashinka ya daskare cikin bututun iskar da kake shaƙa, ya toshe shi, ka sume ba ka sani ba. Maɗaurin nan biyu na wuya da na ɗauka ado ne, ashe na tayar da wuyan ne ya rufe har kunne a ɗaure shi tamau.

Daga nan idona ya buɗe, na fara kallon kayan da wata fuska. Babu ɗinki ɗaya a jikinsu da aka yi don kwalliya. Ko dai sanyi ake gudu, ko wuta, ko maƙalewar igiyar lema, ko faɗawa hannun abokan gaba. Kowane maɓalli akwai irin mutuwar da aka sa shi ya tare.

Ga ta Ingila a gefe, wadda suke kira Irvin. Sunan Leslie Irvin ta ci, Ba'amurken da ya yi suna a 1919 da dirowa daga jirgi ya buɗe lemarsa da hannunsa, ya zo ya kafa masana'antar lema a Letchworth a 1926. Ita ma buzu ce, amma ko aljihu ɗaya ba ta da shi. Dattijon ya ajiye guda biyu kusa da juna ya ce in faɗi bambancinsu. Ɗaya bayanta manyan ƙyallayen fata ne lafiyayyu, ɗayar kuwa guntu-guntu ce, an harhaɗa, ɗinki ta ko'ina. Na ce ta biyun ai ta talaka ce. Ya yi dariya, ya ce ta ƙarshen yaƙi ce. Da fatar tumaki ta yi wuya, sai aka koma haɗa ragowar da a da ake zubarwa. Wato da ƙirga ɗinkin baya kawai mai ido zai gaya maka ko Ingila tana cikin wadata ko tana cikin matsi ranar da aka ɗinka rigar. Na ce ikon Allah!

Amma sarauniyar layin, wadda kowa ke dafifi a kanta, ba buzu ba ce. A-2 ce: gajeriyar rigar fata mai zif, mai saƙar ulu a ƙugu da wuyan hannu, aljihu biyu masu murfi a gaba. A 1931 aka tsayar da fasalinta, ta gaji wata mai maɓallai da ake kira A-1. Bayanta fata ɗaya ce ba haɗi, shafinta siririn auduga, ba ta da wani ɗumi na a zo a gani. Ba ta da ma aljihun gefe da mutum zai cusa hannu. A ƙa'ida da fatar doki ake yin ta, amma da yaƙi ya kankama aka shiga yi da ta akuya da ta saniya. A nan ne ni ma na samu abin faɗi. Na tashi ba nisa da majemar Ƙofar Wambai, na san ƙurji-ƙurjin fatar akuya tun ina yaro. Na shafa wata na ce wannan akuya ce, na shafa ta kusa da ita mai santsi da tauri na ce wannan ba akuya ba. Dattijon ya cire tabarau ya sake dubana, daga nan hira ta canja, ya jawo min kujera.

Ya buɗe wuyan wata ya nuna min ɗan baƙin ƙyallen shaida da aka ɗinka a ciki. Nan ne duk ilimin yake. Akwai lambar zane 30-1415, akwai lambar kwangila mai farawa da W535, sai sunan kamfanin da ya ɗinka: Rough Wear na Pennsylvania, Aero Leather na Beacon a jihar New York, Dubow na Chicago, da sauransu. Kowane kamfani da hannunsa, wani wuyan rigarsa mai tsini, wani murfin aljihunsa mai lanƙwasa. Mutanen nan suna karanta riga yadda dillalin dawaki ke buɗe bakin doki ya faɗi shekarunsa. Sai a juya kan zif a ga ko Talon ne, ko Crown, ko Conmar, kuma ko irin wanda kamfanin nan ya yi amfani da shi a waccan kwangilar ne. A duba saƙar hannu a ga ko ta asali ce, domin asu ya fi son wannan wurin, yawancinsu an sauya. Na ga wani ya zaro 'yar tocila mai shuɗin haske yana bin ɗinki da ita, wai zaren zamani yakan yi ƙyalli a ƙarƙashinta.

Dalilin wannan bin diddigi kuɗi ne, ba komai ba. A-2 ta asali mai lafiya ta haura fam dubu, wadda aka yi wa zane a baya kuwa sai dai a yi maganar dubbai. Ma'aikatan jirgi kan sa a zana musu sunan jirginsu, da hotunan mata da ba zan tsaya bayaninsu ba, da jerin ƙananan bama-bamai, kowane ɗaya fita ɗaya ce aka je aka dawo da rai. Da farko sai mutum ya cika fita 25 kafin a sallame shi gida, daga baya aka ƙara zuwa 30, aka kai 35. Rundunar sama ta takwas ta Amurka da ta zauna a Ingila ta rasa mutum fiye da 26,000. Na tsaya gaban wata ina ƙirga bama-bamanta da yatsa, na ga layin ya tsaya a tsakiya bai cika ba. Na kasa tambaya.

Inda kuɗi yake kuwa, 'yan damfara suna nan. Ba sabuwar riga suke kawowa su ce tsohuwa ba, wannan aikin yara ne. Tsohuwa ta gaske suke saya wadda ba ta da zane, su zana mata jirgi da bama-bamai, su tsufar da fentin, farashi ya ninka. Dattijon ya koya min dabara ɗaya: ka bi tsagar fatar da ido. Idan fentin ya tsage tare da fatar, sun tsufa tare. Idan ya malala ya cika tsagar, bayan ta tsufa aka shafa shi.

Akwai kuma masu kwaikwayo na halal, waɗanda ba sa ɓoye cewa sabuwa ce: Eastman a Devon, da Buzz Rickson's da The Real McCoy's a Japan. E, Japan! Ƙasar da masu waɗannan riguna suka yi wa ruwan wuta ita ce yau ta fi kowa ƙwarewa wajen sake ɗinka su, har kuskuren telan 1942 suke kwaikwaya. Abin ya tsaya min a rai ƙwarai.

Sauran tarihin a gurguje ya ba ni shi, yana nuna rataye ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar yaƙi hukumar sojan sama ta daina odar A-2 ta koma yadi, aka yi B-10 a 1943, B-15 ta biyo baya. Da jiragen jet suka zo, matattarar matuƙi ta matse, fata mai jiƙewa ta daskare ba ta da wuri, aka koma nailan. Wuyan gashi yana maƙale wa igiyar lema, aka cire shi aka sa saƙa, ga MA-1 ta fito a shekarun 1950. Daga baya aka yi mata shafi ruwan goro, don wanda ya faɗo ya juya ta masu ceto su hango shi. Sai kuma aka ga nailan yana narkewa a jikin mutum idan wuta ta kama, aka koma yadin Nomex a shekarun 1970. Wannan MA-1 ɗin ita ce kakar duk jaket ɗin nan masu kumburi da samarinmu ke tsinta a dilar gwanjo lokacin hunturu, har da ɗan aljihun biro a hannun hagu. Ɗan yayata ya dubi hannun tasa rigar, ya ga aljihun, ya yi tsit.

A teburin gaba na ga abin da ya sa na yi salati da ƙarfi. Takalmi ne dogo na matuƙan Ingila, samfurin 1943. Mai shi ya zura yatsa cikin wani ɗan aljihu a ƙwaurin ya nuna min inda 'yar wuƙa ke zama. Idan aka harbo ka a Faransa, ka yanke dogon ƙwaurin ka yar, abin da ya rage baƙin takalmi ne mai igiya irin na kowa, ka bi titi ba mai kallon ƙafarka. Kusa da shi ga taswira a kan siliki, ba ta ƙara idan an buɗe, ba ta lalacewa a ruwa, aikin wani sashen asiri na Ingila mai suna MI9. Ga maɓallin riga da ake murɗewa a tarar da kamfas a ciki. Na kai hannu zan ɗauki wani agogon jirgi mai lambobi ruwan ƙasa, matar da ke tsaron teburin ta ce in bar shi cikin ledarsa. Fentin lambobin da sinadarin radiyom aka haɗa shi don ya yi haske da dare. Hasken ya mutu tuntuni, amma gubar tana nan, sai ta shekara 1,600 kafin rabinta ya ragu. Duk wanda ya tsinci irin wannan, kada ya kuskura ya buɗe gilashin, balle ya hura ƙurar.

To, yanzu ga abin da ya hana ni barci.

Na dawo wurin dattijona in yi masa sallama, ƙafata ta bugi wani kwali a ƙarƙashin tebur. Na sunkuya in gyara shi, na ga kaki. Ba fata, ba buzu, kaki irin namu na zafi: gajeren wando, riga mai aljihu huɗu da rana ta cinye launinta, da wata hular matuƙi ta yadin auduga mai wurin sa na'urar kunne. Ya ce wannan Type D ce, ta ƙasashen zafi, inda hular fata za ta dafa wa mutum kai. A ƙasan kwalin akwai littafi mai bangon yadi, irin wanda kowane matuƙin sojan saman Ingila ke rubuta tashinsa da saukarsa. Na buɗe tsakiya haka kawai. Rubutun alƙalami ne, shuɗin tawada ya koɗe, layi bayan layi. Takoradi zuwa Legas. Legas zuwa Kano. Kano zuwa Maiduguri.

Kano! Wallahi sai da na zauna a kan simintin. Na ƙwala wa yaron kira, "Zo ka gani, zo ka ga garinku!" Ya zo a guje yana cewa, "Kawu, lafiya?" Na kasa magana, sai nuni. Na juya shafi, ga ta kuma. Na sake juyawa, ga ta. Mutumin nan ya yi ta zirga-zirga a kan garinmu, a gefe yana rubuta irin jirgin, yau Hurricane, gobe Blenheim, ga sa'o'in da ya yi a sama. A wani layin ya ƙara 'yar kalma cewa ƙura ta hana gani. Hazon hunturunmu ne ya shiga littafin Bature.

Labarin kuwa ba ƙarami ba ne. Da Italiya ta shiga yaƙi a watan Yunin 1940, Bahar Rum ta zama hanyar mutuwa ga jiragen ruwan Ingila, zagayawa ta ƙasan Afirka kuma sai an yi watanni. Ga sojojinsu a Masar suna neman jiragen yaƙi ido rufe. Sai aka tuna da hanyar da kamfanin Imperial Airways ya buɗe tsakanin Khartum da Kano a 1936. Aka riƙa kawo jirage a cikin manyan akwatuna zuwa tashar ruwan Takoradi, a ƙasar da yau ake kira Ghana, a harhaɗa su a can, su taso rukuni-rukuni. Blenheim mai ɗauke da masanin hanya yana gaba, ƙananan jiragen suna biye. Rukunin farko ya tashi a watan Satumbar 1940. Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda ita ce Njamena ta yau, Janaina, Fashir, Khartum, sannan a bi Kogin Nilu har Masar. Tafiyar kusan kwana shida ce, mil dubu uku da ɗaruruwa. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan. Cikin matuƙan har da 'yan Poland da Jamus ta cinye ƙasarsu.

Kuma da ƙyar hanyar ta samu. Nijar tana hannun gwamnatin Vichy ta Faransa mai biyayya ga Jamus, ba a isa a ratsa samanta ba. Abin da ya buɗe ƙofa shi ne gwamnan Chadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan asalin Guyana ta Faransa, wanda ya juya wa Vichy baya ya bi bayan Janar de Gaulle mai ci gaba da yaƙar Jamus a watan Agustan 1940. Jamusawa sun san muhimmancin hanyar, har suka aiko jirgi ɗaya tal ya ratso Sahara daga Libiya a Janairun 1942 ya jefa wa ma'ajiyar man Fort Lamy bam. Kano dai ba baƙuwar jirgi ba ce ko a lokacin, tun a Nuwambar 1925 jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa.

Na tambayi dattijon nawa ne kwalin. Ya ɗaga kafaɗa. Ya ce ya daɗe yana yawo da shi kasuwa-kasuwa, ba mai taya shi. Matuƙin ba ya cikin waɗanda suka harbo kowa, kai jirgi kawai yake yi ya dawo ya ɗauki wani. Babu fim a kansu, babu zane a bayan rigarsu. Masu saye buzu suke so da fata, kayan sararin Jamus. Kuɗin da ya faɗa na kwalin gaba ɗaya bai kai rubu'in na rigar A-2 mara zane da ke rataye a samansa ba.

Nan raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Kasuwar nan ta san adadin ɗinkin da ke aljihun rigar Chicago, amma hanyar da ta ciyar da yaƙin Hamada da jirage tana ƙarƙashin tebur ana taka ta. Kuma ko a cikin kwalin, Baturen ne kaɗai ya bar suna. Waɗanda suka fasa akwatunan a Takoradi, da leburorin da suka sare daji suka daddaɓe filin sauka a Kano da Maiduguri, da waɗanda suka yi ta gangara durom-durom na mai, ba su da littafi. Jirgin ƙasa bai isa Maiduguri ba sai 1964, ka ga ke nan duk ɗigon man da Hurricane ya sha a can a kan hanyar ƙasa aka kai shi. Na zagaye zauren nan kaf, ban ga ko hular ɗayansu ba.

Na taya, ya ce albarka da irin tasu fuskar. Na ƙara, ya sallama. Yaron ya so in haɗa da wani wando mai dabbare-dabbare da ya gani a gaba, na ce a'a, doka ta hana farar hula sa kayan soja a Najeriya, ba zan je in kwana a bayan kanta saboda wando ba. Littafin da hular na naɗe cikin rawanin sanyina, rigar kakin da gajeren wandon ya riƙe.

Muna shirin tafiya dattijon ya dafa goshi, ya ce ai daga gida ɗaya ya sayo kwali biyu. Ɗayan yana garejinsa, bai taɓa fitowa da shi ba don ya san ba mai so. Yana tuna akwai hotuna a ciki, 'yan ƙanana masu farin baki, da wata taswirar hanya da aka ja wa layi da jan fensir, kuma a hoto ɗaya akwai wata doguwar ganuwar ƙasa da ƙofa, mutane da jakuna suna shiga.

Na ce, "Ganuwa? Ƙofar tana da faɗi ko matsattsiya ce? Akwai dabino a gefe?"

Ya ce shi bai lura ba, sai ya duba.

Na zaro abin da ya rage a aljihuna na dire masa kafin alƙalami, na sa ya rubuta lambar wayar yaron a bayan katinsa, na ce ko ranar jarrabawa ce ya kira shi, zai zo.

"Kawu, ranar jarrabawa fa ka ce?"

Na ce ko ranar jarrabawa.